Waiwaye: 'Yar Mashayi da Ta Zama Uwar Marayu

Duk wanda ya yi firamare a Najeriya ya san sunan Mary Slessor, baturiyar mishan da ta yi yaƙi da al'adar kashe tagwaye a yankin Kalaba. Abin da littattafan makaranta ba su cika faɗa ba shi ne irin gidan da ta fito.

An haife ta a Abadin ta ƙasar Sikotilan a 1848. Mahaifinta, Robert Slessor, baduku ne mai ɗinkin takalma, amma giya ta cinye sana'ar, ta cinye mutumin. A 1859 iyalin suka koma birnin Dandi neman abin sakawa a baki. Mary tana da shekara 11 ta shiga aikin masaƙa, rabin yini a bakin inji, rabi a aji. Tana kai 14 aikin ya koma awa 12 a kullum. Uban yana gida, amma da shi da babu duk ɗaya. Daren Asabar ya fi kowane dare ban tsoro, domin a lokacin yake dawowa a buge, wani lokaci har yarinyar ta tsinci kanta a titi cikin sanyi. Uwar ce ta riƙe gida, ta riƙe sirri, ta kuma riƙe hannun 'ya'yanta zuwa coci kowace Lahadi.

Hausawa na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma sau da yawa da wannan karin maganar ake yanke wa 'ya'yan irin wannan uba hukunci tun ba su girma ba. Mary ta gaji wani abu daga ubanta, amma ba halinsa ba. Ta gaji sanin yadda yaro ke ji idan wanda ya kamata ya kare shi ne abin tsoronsa. Da wannan sani ta hau jirgin ruwa zuwa Kalaba a 1876. Ta koyi harshen Efik, ta ci abincin mutane, ta zauna a ɗakin ƙasa. A 1888 ta shiga Okoyong, inda mishan da yawa ke shakkar zuwa. Jariran da aka yar a daji ta ɗauko su, ta yi musu wanka, ta goya su. Ba ita kaɗai ta yi wannan gwagwarmaya ba, akwai waɗanda suka riga ta da 'yan ƙasa da suka tsaya mata, amma ita ta mai da ɗakinta mafakar yaran.

Ba ta taɓa aure ba, kuma ba don ba ta so ba. A 1891 aka yi mata baiko da wani malamin mishan, Charles Morrison. Hukumar mishan ba ta yarda ya bar aikinsa ya koma Okoyong ba, ita kuwa ba ta yarda ta bar mutanenta ba. Haka maganar ta mutu. Kafin nan mahaifiyarta da ƙanwarta sun rasu tana nesa. Kaɗaici ya same ta sosai, zazzaɓi ma bai bar ta ba. Duk da haka ba ta ɗauki rayuwarta a matsayin zaman jiran miji ba. Ta raini 'ya'yan riƙo, ta yi alƙalanci a kotun gargajiya, ta buɗe makarantu, har ta rasu ranar 13 ga Janairu, 1915.

A majami'unmu yau akwai masu irin wannan nauyi biyu: gazawar uba da rashin aure. Uba ya tafi ci-rani bai dawo ba, ko ya ƙara aure ya manta, ko giya ta ɗauke shi. Yaro ya girma yana jin ana kiran Allah Uba, kalmar tana yi masa nauyi a baki. Shekaru sun ja, aure bai zo ba, kullum gaisuwar ita ce, “Yaushe za mu sha biki?” Matasa na ganin ya girme su, zumuntar maza da ta mata kuma sun fi sabawa da ma'aurata. Alhali manzo Bulus, a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa, ya ɗauki zama ba aure a matsayin baiwa, kamar yadda aure yake baiwa.

Gazawar uba rauni ce ta gaske, kuma ba a warkar da ita da cewa “a yi haƙuri” kawai. Amma ba ita ce ƙaddarar ɗa ba. Aikin ikilisiya shi ne ta daina auna cikar mutum da zoben aure ko sunan gidansu. A ba irin waɗannan bayin Allah aiki da amana, dattawa su ja su a jiki, a tambaye su lafiyarsu kafin a tambaye su ranar biki. Wanda ya san zafin rashin uba shi ya fi saurin gane yaron da aka bari a baya, kuma ikilisiya na matuƙar bukatar masu irin wannan ido.