Albashi a Abuja, Tukunya a Kano

Duk ranar Juma'a da yamma, tashar Jabi da bakin titin Zuba kan cika da maza masu jaka ɗaya a kafaɗa. Yawancinsu ma'aikata ne da 'yan kasuwa da suka nufi Kano, tafiyar fiye da kilomita 400, don su kwana biyu da iyali su juyo ranar Lahadi. A Abuja albashinsu yake fitowa, amma a Kano tukunyarsu take tafasa. Duk mai son sanin garin da ya fi daɗin zama tsakanin biyun, ya fara da tambayar waɗannan bayin Allah abin da ya hana su kwaso mata da yara.

Amsar farko da za su ba shi ita ce haya. Janar Murtala Muhammad, wanda shi kansa ɗan Kano ne, ya kafa dokar gina sabon babban birni a 1976, Janar Babangida kuma ya tare da gwamnati a cikinsa ranar 12 ga Disamba, 1991. An zana Abuja da faffaɗan tituna da bishiyoyi da filayen shan iska, sai dai waɗanda suka zana ta kamar sun manta cewa kowane darakta yana da direba da masinja da mai shara. A Maitama ko Asokoro ko Wuse 2, hayar gidan da iyali za su zauna miliyoyi ce a shekara, kuma mai gida a dunƙule yake son kuɗinsa, wani ma na shekara biyu, ga na dillali, ga na lauya. Mafi ƙarancin albashi tun Yulin 2024 naira 70,000 ne. Ko mutum bai ci ba bai sha ba, abin da zai tara a shekara naira 840,000 ne, kuɗin da dillalin Wuse 2 ba zai ma tsaya ya saurari mai shi ba.

Don haka ƙaramin ma'aikaci ba a Abujar da ake gani a kalanda yake kwana ba. Yana Nyanya ko Kubwa idan ya yi sa'a, in ba haka ba yana Mararaba ko Masaka a jihar Nasarawa, ko Suleja da Madalla a jihar Neja. Nan ne masu kwatanta garuruwan biyu suke yin tuya su manta da albasa: suna ɗora Maitama a ma'auni ɗaya da unguwar Kurna ta Kano. Abin da ya kamata a auna shi ne Mararaba da Kurna, ko Masaka da Ɗorayi.

A tsaya a ƙarƙashin gadar Mararaba bayan sallar asuba a ga yadda lamarin yake. Gari bai gama wayewa ba, amma mutane sun yi jerin gwano a bakin titi, kowa da jakar aiki a ƙirji. Mai motar kansa ya tsaya ya ɗebi huɗu a baya, biyu a gaba, don ya rage kuɗin mai. Wata mata ta leƙa cikin motar tana nazarin fuskoki kafin ta shiga, saboda tsoron 'yan wan-cans masu sace fasinja da sunan haya. Daga nan zuwa shataletalen AYA ba wata tafiya ba ce, amma cunkoso kan mayar da ita ta sa'a ɗaya ko biyu. Da yamma a sake. Uban da ke wannan zirga-zirga yana fita 'ya'yansa na barci, ya dawo sun yi barci. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, kuɗin mota ya zama haya ta biyu. Jirgin ƙasan cikin birni da aka farfaɗo da shi a 2024 bai bi ta wannan hanya ba.

A Kano ma mai ya yi tsada, amma gari ne da talaka yake kwana a cikinsa. Adaidaita Sahu ɗaya ko biyu ta kai mutum Kantin Kwari ko Sabon Gari, wani ma da ƙafa yake zuwa shagonsa. Ga abinci a bakin ƙofa: hatsi a Dawanau, kayan miya a 'Yankaba, kayan masarufi a Singa. Tumatirin da ake nomawa a Kadawa da ruwan dam ɗin Tiga, shi ne dai yake hawa mota ya je Abuja, kuma kowane shingen hanya da kowace litar gas sai sun hau kan kwandon kafin ya isa hannun uwargida a Garki. Leburan Kano zai iya riƙe cikinsa da garau-garau ko ɗanwake ko awara. Ba wai an tsira ba ne: a Fabrairun 2024 mata masu gurasa sun fito zanga-zanga a Kano saboda tsadar fulawa, kuma duk wanda ya san matsayin gurasa a birnin Dabo ya san tura ta kai bango.

Babban sauƙin Kano kuwa ba a kasuwa ake sayensa ba. Shi ne gidan gado da za a yanka wa ango ɗaki biyu a soro ko a bayan gida. Shi ne mai shagon unguwa da ke rubuta bashin sukari da sabulu a littafi har ƙarshen wata, da kakar da ke riƙe jariri idan uwa ta tafi aiki, da maƙwabcin da zai tada mota cikin dare idan naƙuda ta zo. A Abuja kowanne daga cikin waɗannan kuɗi ne, kuma mutum kan shekara a gida bai san sunan wanda ke bayan katangarsa ba. Zumuncin nan dai yana da nasa haraji. Anko, gudummawar biki, barkar suna, ƙanin da aka koro daga makaranta. Amma na Abuja ma bai kuɓuta ba, nasa ya fi nauyi, domin a gida an riga an yanke masa hukunci: "Ai Yaya yana Abuja." Kowa gani yake da Minista yake karyawa.

Kada Bakano ya yi saurin murna. Garin da ke da matatun ruwa na Tamburawa da Challawa, unguwanni da yawa a cikinsa sun manta rabon da famfo ya kawo ruwa. Ɗan garuwa da kurarsa shi ne hukumar ruwa, kuma idan zafin Afrilu ya haura digiri 40 ga rashin wuta, farashin jarka sai ya tashi. Cikin birnin Abuja yana shan ruwan dam ɗin Usuma, ko da yake na Mararaba shi ma mai ruwa yake jira. Shara tana toshe magudanan Kano, damina ta zo ruwa ya shiga gidaje da shaguna. Ƙwacen waya da faɗan daba sun sa akwai lungunan da ba a ciro waya a cikinsu bayan magariba. Asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala suna ɗauke da marasa lafiyar Kano da Jigawa da Katsina har da na Nijar. Uwa uba, aiki: da yawa daga masana'antun Bompai da Sharaɗa da suka ciyar da iyayenmu sun rufe, abin da ke tura mai digiri tashar mota ke nan.

Hukuncin dai a fili yake. Ga mai gida a Maitama ko Gwarinpa, Abuja ba ta da na biyu a ƙasar nan. Ga mai matsakaicin albashi da 'ya'ya huɗu, Kano ta fi, kuma da gwamnatin jiha za ta kawo ruwan famfo ta kwashe shara, da tazarar ta yi nisa. Hukumar babban birnin tarayya kuwa ta fi ƙwarewa wajen rusau da gina gadar sama a kan gina gidajen da masu yi mata hidima za su iya kamawa.

Shi ya sa ake raba gida biyu, ake kuma dogara da titin Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano, wanda aka ba da kwangilar gyaransa tun ƙarshen 2017 aka yi ta jan ƙafa shekara da shekaru. Ranar Lahadi da hantsi, a tashar Na'ibawa, za a ga mutumin nan na Juma'a ya dawo da jakarsa, amma yanzu da ƙarin buhu a gefe: shinkafa 'yar gida, wake, kuka, daddawa, da robar yajin da uwargida ta daka. Yaron mota ya ɗaga buhun ya ce sai an ƙara kuɗin kaya. Shi kuma ya tsaya yana ciniki, don ya riga ya lissafa abin da mudu ɗaya zai ci masa a kasuwar Mararaba.