A Mayar Wa Yara Gangarsu



A bikin Ranar Yara na 27 ga Mayun da ya wuce, na tsaya a gefen wani filin fareti a wannan yanki namu, ina riƙe da jarkar ruwan 'yan ajina, na ga abin da har yau bai bar zuciyata ba. Ba zan faɗi sunan fili ko na kwamiti ba, domin laifin ya game mu duka, da wanda ya shirya da wanda ya gani ya yi shiru.

Masu shirya biki sun ɗauko mai kayan sauti, wanda ake kira DJ, da manyan lasifikoki da janareta. Tun mako guda kafin ranar an je birni an naɗo muryar wani mai gabatarwa a situdiyo, murya mai kauri da amsa-kuwwa, tana kiran makarantu ɗaya bayan ɗaya bisa jerin da aka rubuta masa a takarda. Sai Allah Ya sa motar da ta ɗauko yaran makaranta ta uku ta lalace a hanya. Muryar ba ta san an yi ba. Yaran makaranta ta huɗu suka wuce gaban manyan baƙi ana kiran su da sunan ta uku, ana yabon shugaban makarantar da ba nasu ba, haka kuma duk waɗanda suka biyo baya, kowa da sunan aro. Na ga wata yarinya 'yar aji biyar, mai riƙe da allon sunan makarantarsu, ta ɗaga shi iya tsawon hannunta tana juya shi wajen rumfar baƙi, ko wani zai karanta ya gyara. Wata guda cur yarinyar nan ta yi tana atisaye a rana saboda wannan minti ɗaya. Da aka gama kiran sunaye, sai mai kayan sauti ya saki waƙar yabon wani ɗan siyasa, yara 'yan shekara tara da goma suna taka ta da kayan makaranta.

Matsayina a kan wannan a fili yake. A faretin makaranta, gangar da za a taka yaro ne ya kamata ya buga ta, bayanin da za a ji yaro ne ya kamata ya yi shi da bakinsa a wurin, waƙar da za a rera kuwa malamai ne za su zaɓe ta. Duk abin da aka naɗa aka zuba a memori ya tsaya a gida.

Mu da muka tashi a ƙasar noma ba ma bukatar wani ya koya mana bambancin makaɗi da na'ura. Kafin a gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwa ya biyo magudana ya mai da Kura da Bunkure da Kadawa gidan shinkafa da alkama da tumatir, iyayenmu da gayya suke noma, gayya kuwa ba ta cika sai da gangar noma. Aikin makaɗin gayya kallo ne kafin ya zama kiɗa. Idonsa na kan kunya, in ya ga hannun wani ya fara sanyi sai ya matso ya buga masa takensa, in ya ga rana ta take sai ya sassauta. Abin da ɗan badujalar makaranta yake koyo ke nan. In 'yan aji ɗaya ne suka shigo fili, takunsu gajere ne, sai ya rage sauri. In 'yan aji shida ne sai ya ƙara. In layi ya karkace a kwana sai ya riƙe bugu har su daidaita. Na'ura sauri ɗaya ta sani. Shi ya sa a faretin zamani za ka ga ƙananan yara suna gudu-gudu suna tuntuɓe, malamai na binsu da tsawa, alhali laifin na abin da ba shi da ido ne.

Za a ce mini ganga tsada gare ta, makarantunmu kuwa ko alli da ƙyar. Na yarda babu kuɗi, amma a yi lissafi da gaskiya. Kuɗin hayar kayan sauti da man janareta da na situdiyo kowace shekara ake biyan su, da yamma ta yi sun tafi, ba su bar wa makaranta ko tsinke ba. Gangunan da gwamnatocin baya suka raba kuwa, da yawansu suna nan jibge a ɗakin ajiya bayan ofishin shugaban makaranta, fata ta yage, gara na cin ice. Fatar akuya ba ta gagare mu ba a ƙasar nan, masu ɗinka ta ma ba su ƙare ba. Ganga in an gyara ta, yaran bana su buga, ƙannensu su gada.

Za a kuma ce yara na kuskure, baƙi kuwa manya ne, kada a ji kunya. To, me muke yi a makaranta in ba gyaran kuskure ba? Wanda ya naɗo murya don kada yaro ya yi tuntuɓen harshe a gaban shugaban ƙaramar hukuma, bambancinsa da wanda ya rubuta wa ɗalibi jarrabawa kaɗan ne: dukansu sun ɓoye wa iyaye gaskiyar abin da yaro ya iya. Yarinyar da aka miƙa wa makirufo ta gabatar da makarantu ashirin da Hausa da Turanci, muryarta na rawa a ta farko, ta daidaita a ta biyar, ta sami darasin da allo ba ya bayarwa. Da ita ce a kan makirufo ran nan, da ta ɗaga kai ta ga allon da ke gabanta ta karanta sunan da ke jiki, magana ta ƙare. Muna kuka kullum cewa yaran karkara ba sa iya tsayawa gaban jama'a su yi magana, sa'an nan rana ɗaya tak da suke da jama'a a shekara mu karɓe ta mu ba baƙon da ko sunayen ƙauyukanmu bai iya faɗa daidai ba.

Akwai uzurin da ya fi waɗannan nauyi, kuma ban raina shi ba. Wasu iyaye ba sa son 'ya'yansu su taɓa ganga, waɗansu saboda fahimtarsu ta addini, waɗansu saboda tsohuwar al'adar nan da ke kallon kiɗa a matsayin sana'ar gado ta maroƙa. Hakkin uba ne ya ce ɗansa ba zai buga ba, kuma ba za mu tilasta wa kowa ba. Aji yana da faɗi, akwai mai tuta, akwai mai allo, akwai mai ba da umarni, akwai mai gabatarwa. Sai dai ina tambaya, uban da bai yarda da gangar fareti ba, shin waƙar da lasifika ke amayarwa a kan 'yarsa ita ce ya yarda da ita? Kayan sauti ba su warware damuwarsa ba, sun ninka ta ne, illa dai babu wanda ya tambaye shi.

Masu son zamani sukan ce in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, ko Turawa sun koma na'ura. Bari mu duba Turawan. A Amurka akwai ƙungiyar da ake kira Drum Corps International, wadda aka kafa a 1972, tana shirya gasar ƙungiyoyin matasa masu ganga da begila. Fiye da shekara talatin ba ta yarda da lasifika a fili ba, sai a 2004 ta halatta, a 2009 kuma ta ƙara da kayan kiɗa na lantarki. Tun daga lokacin masu kallonta suke jayayya a kan muryar mai bayani da ake sakawa cikin wasa: ta fito daga bakin matashi a fili ko a naɗo ta. A lura da kyau, duk wannan ce-ce-ku-ce a kan 'yar muryar da aka ɗora ne bisa kiɗan da matasa fiye da ɗari suke yi da hannunsu da numfashinsu. Su suna gardama a kan gishirin miya, mu kuwa tukunyar muka ɗauke gaba ɗaya muka ce wai ci gaba ne.

Sai batun abin da ake rerawa, wanda a nan ne nake ganin mun fi sakaci. A watan Mayun 2024 aka dawo da tsohon taken ƙasa na 1960, aka ajiye wanda aka yi amfani da shi tun 1978. Sau nawa muka ga malami ya kara wayarsa a makirufo a taron safe, yara na tsaye bakinsu a rufe? Taken da yaro bai rera da bakinsa ba bai zama nasa ba, kuma muddin waya na rera masa, ba zai haddace ba. Waƙar 'yan siyasa kuwa ba ta da gurbi a filin yara ko kaɗan. Iyayen da ke tsaye a bakin fili ba jam'iyyarsu ɗaya ba, mu kuma ma'aikatan gwamnati ne. In mulki ya juya, mai kayan sauti zai sauya memori ya ci gaba da kasuwarsa, shugaban makarantar da aka ɗauki bidiyon yaransa suna taka waƙar ne zai kwana da fargabar canjin wurin aiki. Wannan ya isa ya sa ƙungiya ta tsoma baki.

Ba mu rasa abin rerawa ba. Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja da Aƙilu Aliyu sun bar mana rubutattun waƙoƙi a kan ilimi da tarbiyya da kishin ƙasa, kuma don a rera aka yi su, ga su nan a littattafan da muke koyarwa. Bayan wannan, malamin Hausa na iya zama da 'yan aji shida su tsara tasu a kan abin da suka sani: dashen shinkafa, koran tsuntsu, turarar da iyayensu mata ke yi, kwandunan tumatir da ake lodi a Kwanar Gafan, da gargaɗi a kan wanka a magudana saboda cutar tsargiya da ta daɗe tana damun yaran yankin nan. Baiti huɗu a kan tsargiya daga bakin yara, a gaban iyaye ɗari biyar, ya fi takardar sanarwa isa. Kada kuma a ce yaranmu ba su da kunnen kiɗa. Wanda ya taɓa wucewa ta gonakin shinkafa gab da girbi ya ji yadda suke dukan gwangwani suna korar jan-baki tun asuba ya san kiɗan yana hannunsu, horo kawai ya rage. Darasin al'adu da fasaha yana cikin manhajar firamare, yana kan jadawali, sau da yawa a takarda yake ƙarewa. Ga wurin da ya kamata ya yi aiki.

Saboda haka ina roƙon shugabannin reshe su sa wannan batu a ajandar taro mai zuwa, a fitar da matsaya kafin 1 ga Oktoba. Kowace makaranta ta buɗe ɗakin ajiya ta ƙirga gangunan da za su gyaru, wadda ba ta da su ta haɗa kai da maƙwabciyarta. A duk kwamitin biki a sa malami mai iko a kan abin da za a rera, a rubuta jerin a takarda kafin ranar. Lasifika ta zauna, ba mu da rigima da ita, amma aikinta ɗaga muryar yaron da ke tsaye a fili. In akwai tsohon makaɗi ko tsohon ɗan sanda da ya san badujala a gari, a roƙe shi yamma biyu a mako, na tabbata ba zai ƙi ba.

Na fara da kaina. Na fito da ganguna uku daga ɗakin ajiyarmu, biyu suna wurin mai ɗinki, ta ukun icenta ya riga ya ruɓe. Duk malamin da ke son ganin yadda ake farawa, ya same mu ranar Laraba bayan an tashi. Allah Ya taimaki malami, Ya shirya mana zuriya.