Masu zare waya a tsakiyar faɗa, ku daina fakewa da ɗauke wuta

'Yan uwa masu buga Elite Dangerous a Gidan Waya da KASU ta Kafanchan, da mu da ke hutu a Fadan Kagoma, yau sai mun yi maganar nan ko da za ta ɓata wa wasu rai. Kullum a guruf rigima ɗaya ce: ɗan fashi ya tare ɗan kasuwa a sararin samaniya, ya ce a zubo tan ashirin na kaya, kafin ka ƙifta ido jirgin ya ɓace ɓat. Bayan minti biyu sai saƙo ya shigo: "Yi haƙuri malam, wuta aka ɗauke." Laftop mai batir, intanet daga wayarka, wace wutar aka ɗauke? Kuma me ya sa ba a taɓa ɗauke ta lokacin da kake sayar da kaya a tasha?

Ba wanda ya ce kar ka gudu. Kamfanin Frontier na Ingila, da ya fito da gem ɗin a 2014, ya bar maka ƙofofi har sun yi yawa. In aka fara fizgo ka daga gudun sarari, kana iya kokawa ka kuɓuta. In ka ga ba za ka iya ba, mayar da giya sifili ka miƙa wuya: injin tsallenka zai huce cikin daƙiƙa 10 ko kusa, maimakon kusan 40 da za ka jira in aka kayar da kai da ƙarfi. Daga nan zaɓi wani tauraro ka yi babban tsalle. Nauyin jirgin ɗan fashi yana jinkirta ƙaramin tsalle, amma babba ba ruwansa da shi, daƙiƙa 15 ka yi caji ka wuce. Abin da ake buƙata kawai garkuwa mai kyau da natsuwa. Amma ina! Kai ka cire garkuwa don ka ƙara loda kaya, sannan kana kukan zalunci.

Ban da wannan, gem ɗin yana da yanayin kai kaɗai, yana da na guruf ɗin abokai. Kai da kanka ka danna na kowa da kowa. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Ku duba ɗayan ɓangaren ma. Ɗan fashin kirki a gem ya kashe kuɗi kan na'urar tarewa, da ta leƙa kaya, da ta fasa ƙofar sito, ya bar gurbin ɗaukar kaya, ga tukwici an sa a kansa. Ya ƙona data ta awa biyu yana jira. In duk wanda ya kama zai zare waya, me zai koya? Zai daina magana, ya fara harbi tun kafin sallama, tunda ya san daƙiƙa kaɗan gare shi. Haka fashi mai ciniki yake rikiɗewa ya koma kisa kawai. Su ma masu kisan banza, masu bin sababbin yara a ƙaramin Sidewinder suna tarwatsa su don dariya, ba 'yan fashi ba ne, 'yan ɓarna ne. Sai dai mai zare waya yana cikin masu ƙara mana yawansu.

Na san za a ce netwok ɗinmu na yankewa da gaske. Gaskiya ne, duk wanda ya buga gem da damina a Jema'a ya sani. To ai shi ya sa laifin ya fi muni. Ranar da ta yanke wa mai gaskiya, ba wanda zai yarda da shi, saboda kun riga kun cinye uzurin. A EVE Online ba a ma wannan musun: in ka fita a tsakiyar faɗa da wani, jirginka na nan a sarari minti 15, ko wuta ce ko wayo ne. Elite kuwa kwamfutocin 'yan wasa ne ke haɗe da juna, shi ya sa jirgi ke ɓacewa, shi ya sa amana ta rage a hannunmu.

Kuma me kake tsoro? In aka fasa jirginka, inshora kashi 5 cikin 100 na kuɗinsa za ka biya, sai kayan da ka rasa. Tan ashirin daga jirgi mai ɗaukar sama da 700 bai kai ka zubar da sunanka a hostal ba.

Shawarata ga guruf: wanda ya yanke a tsakiyar faɗa, ya dawo wurin cikin minti 10 a ƙarasa, ko ya biya abin da aka nema. In ya yi sau uku bai dawo ba, a cire shi. Mai kisa ba tare da neman kaya ba, shi ma a cire shi. Mai ja da wannan ya zo kwament mu yi ta, amma don Allah kar wuta ta ɗauke maka a tsakiyar musun.