Filin Mata: In Gida Ya Yi Sanyi A Ƙasar Turawa

Yau zancenmu zai ƙetare teku. Wata ɗiyarmu da ta bi mijinta karatu Ingila ta aiko mini da takarda. Ta ce wata safiya cikin watan Janairu ta tashi ta iske gida ya yi sanyi ƙarara, ta murɗa famfon ruwan zafi, sai ruwan sanyi ke zuba. Maigida ya tafi makaranta, ga jariri a hannu. Ta ce har ta yi shawarar ta hura gawayi a ɗaki. Wannan kalma ta gawayi ita ta sa na ajiye abin da na yi niyyar rubuta muku. 'Ya'yanmu da yawa suna tafiya can yanzu, ke da ke karanta wannan a Zariya ko Gusau, gobe ke ce, ko ƙanwarki.

Sai ki fara sanin yadda abin yake aiki. Yawancin gidajen Ingila suna da wata tukunyar ƙarfe manne da bango, sau da yawa a kicin, ana ce da ita boila. Gas take ci. Ita ke dafa ruwa, wani ɗan inji ya tura shi cikin bututu zuwa kowane ɗaki, ya shiga wani faffaɗan ƙarfe a jikin bango, ɗan'uwan lagireton mota, ya saki zafinsa, sa'an nan ya koma tukunya. Ruwan nan guda shi ke ta kewayawa. A gidaje da yawa tukunyar ce kuma ke ɗumama ruwan wanka.

To, in ta tsaya, kada ki ruɗe. Fara da abin da ba ya cin ko kwabo. Duba ko fuskarta na nuna haske, gama ko da yake gas take ci, ba ta tashi sai da lantarki. Duba mita, in irin wadda ake sa wa kuɗi ce, watakila kuɗin ne ya ƙare. Duba ma'aunin zafi da ke bangon falo, ko yaro ya murɗa shi ƙasa, ko batirinsa ya mutu. Kin ga waɗannan, ana kiran mai gyara a kansu, ya danna abu guda, ya karɓi kuɗi, ya tafi yana murmushi.

In duk waɗannan lafiya, sai ki dubi wani ɗan agogo mai allura ɗaya a gaban tukunyar. Ba lokaci yake nunawa ba, ƙarfin ruwan ciki yake aunawa. In tukunya ta huce, kamata ya yi allurar ta tsaya tsakanin 1 da 1.5. In ta faɗi kusa da sifiri, tukunya za ta ƙi kamawa, don kada ta ƙone kanta. A ƙarƙashinta za ki ga wata 'yar mesa mai launin azurfa, da ɗan famfo guda ko biyu. Kashe tukunyar, buɗe famfon a hankali, za ki ji ruwa na shiga. Idonki a kan allura, da ta wuce 1 kaɗan sai ki rufe gam. Amma in kin cika yau, jibi ta sake faɗuwa, akwai yoyo a wani wuri, wannan kuwa aikin mai gyara ne.

Akwai wata cuta ta lokacin ƙanƙara. Tun 2005 dokar Ingila ta ce sababbin tukwanen gas su zama irin masu tsimin zafi, waɗanda ke tatse zafin hayaƙinsu har ya zama ruwa. Ruwan yana fita ta wani siririn bututun roba zuwa magudana, sau da yawa ta bayan gida. In dare ya yi sanyi ƙwarai, ruwan ya daskare a ciki, bututu ya toshe, tukunya ta riƙa ƙugi kamar mai kurkure baki, sa'an nan ta kashe kanta. A ƙarshen Fabrairu da farkon Maris na 2018, da aka yi wani mugun sanyi a ƙasar, wannan ya sami gidaje masu yawan gaske. Maganinsa buta. Ki zuba ruwan ɗumi a kan bututun daga waje, ba tafasasshe ba, don yana iya fasa roba. Ki lura da ƙafarki, ruwan da ya zuba ƙasa yakan daskare ya yi santsi. Sa'an nan ki danna maɓallin da aka rubuta wa reset.

In kuwa tukunya na aiki amma ɗaki guda ya ƙi ɗumi, shafa lagireton. Ƙasa da zafi, sama da sanyi, iska ce ta taru a ciki. Kashe tukunya, bari ƙarfen ya huce, ki sami ɗan mabuɗinsa, ana sayarwa da arha a kantin kayan gini. Tara tsumma, murɗa ɗan bawul ɗin da ke kusurwar sama kaɗan. Za ki ji iska na fita, fuuu. Da ruwa ya ɗigo, ki rufe, ki koma ki duba allurar nan. Sama da zafi, ƙasa da sanyi, laka ce da tsatsa suka kwanta, ba aikinki ba ne. Haka kuma in ɗakuna na ɗumi amma famfo ba ruwan zafi, ko famfo na da shi ɗakuna babu, yawanci wani bawul ne a cikin tukunya ya maƙale.

Nan ne iyakarki. Kada ki kwance murfin tukunyar, kada ki bar maigida ya kwance, kome ya ce ya iya gyaran janareta a gida. Aikin gas a can sai mai rajistar Gas Safe, wadda aka fara tun 2009, kuma yana da kati, ki ce ya nuna miki. In gidan haya kuke, dokar 1985 ta ɗora gyaran a kan wanda ya ba ku haya, tilas ne kuma ya sa a duba kayan gas kowace shekara, ya ba ku takardar shaida. Na san halinmu na kunya. A nan ki ajiye ta, ki rubuta masa, ki faɗa masa akwai jariri. In kin ji warin gas, kada ki taɓa makunnin fitila, buɗe tagogi, fita da yara, kira 0800 111 999.

Yanzu gawayi. Gawayi in yana ci a rufaffen ɗaki yana fid da wata guba, likitoci na ce da ita kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi. Tana farawa da ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da kasala, mutum ya ce bari ya ɗan kwanta, shi ke nan. Ko a nan gida kaskon wuta yana kisa da hunturu in an toshe ɗaki, balle gidan Ingila da tagoginsa gilashi biyu ne, iska ba ta da wurin shiga. Tukunyar gas da ta lalace ita ma tana fid da gubar nan, don haka ake rataye ƙararrawarta a bango. Ki riƙa danna ta kina jin ko tana kuka. Kada kuma ki kunna murhun gas ki bar shi don ɗumi. Ku taru a ɗaki guda, ki ƙara wa jariri tufa, ki kunna ƙaramar hita ta lantarki nesa da labule, ruwan wanka kuwa ki dafa a tukunya yadda kika saba.

Ɗiyar nan tamu, maƙwabciyarta ce ta nuna mata bututun bayan gida. Buta biyu ta zuba, tukunya ta kama. Mako mai zuwa za mu koma kan hitar lantarki ta makewayi, irin wadda muke da ita a nan, da dalilin da ke sa famfo ya riƙa jan mutum.