Almajiri da Sana'ar Wutar Lantarki

Bismillahir Rahmanir Rahim. Amma bayan haka, wannan magana ce a kan sana'ar wutar lantarki, zuwa ga malaman allo da attajiran Kazaure, da Roni, da Gwiwa, da Babura.

Sanannen abu ne tun kaka da kakanni almajiri ba ya zama da allo kaɗai. Wani ya koyi ɗinkin hula, wani dukanci, wani ya bi fatake, domin in ya sauke ya ci da guminsa. To, ga wata sana'a ta zo har ƙofar gida. Mai injin niƙa, da mai walda, da mai sayar da ƙanƙara, duk abincinsu yana rataye da waya. Hukumar wuta ta sha sauya suna: NEPA a 1972, PHCN a 2005, sa'an nan a 2013 aka sayar wa 'yan kasuwa da KEDCO, kamfanin rabon wuta na Kano da Katsina da Jigawa. Amma ko wace hukuma ta zo, ba ta wadatuwa da barin mai hawa turke da mai haɗa wayar gida.

Sai dai wannan ilmi ba a ɗaukarsa da ka. Malamai sun fi kowa sanin haka, gama ba su barin wanda bai zauna gaban malami ba ya yi wa mutane darasu. Wanda ya karanta baƙi ba daidai ba, a gyara masa, gobe ya sake biyawa. Wanda ya taɓa waya ba daidai ba, sau da yawa babu goben. Wutar cikin gida folt 230 ce, ita ma tana kisa. Manyan wayoyin da ke shiga taransifoma kuwa 11,000 ne ko 33,000. Saboda haka yaron da ya riƙe wa wani tsani wata biyu, ya sayi filaya, ya ce shi gwani ne, wannan fitina ce ga kansa da maƙwabtansa.

Ƙofofin koyo suna nan. Akwai makarantar Husaini Adamu a Kazaure, wadda aka kafa a 1991, Gwamnatin Tarayya ta karɓe ta a 2007. Babura ta sami jami'ar fasaha a 2021. Amma waɗannan sai mai takardar sakandare, alhali gardin da ya haddace izu sittin yawanci ba shi da ita. Nasa rabon shi ne ya zauna hannun gwani na gaskiya shekaru, ya koyi karatun boko da lissafi gwargwadon abin da zai gane lambar waya da fis, kana ya shiga jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago, wadda ke da daraja uku, a fara da ta uku a ƙare da ta ɗaya. Takardar nan ita ce ijazarsa.

Lokaci kuwa akwai shi. Alhamis babu karatun allo, haka safiyar Juma'a. Malami ya zaɓi manyan almajiransa masu natsuwa, ya damƙa su da hannunsa, ya riƙa tambayar halinsu. Ya kuma gargaɗe su: jona wuta a bayan mita sata ce, ko da mutane sun ba ta wani suna, mai jonawa kuma abokin tarayya ne.

Attajirai nasu nauyin ya fi sauƙi. Kuɗin koyo da kayan aiki, da safar hannu ta roba, da ɗamarar hawa turke, ba su kai ribar kasuwa ɗaya ba ga wasu. Kuma rumfar wa ake tsaro? In hunturu ya kama, rumfuna sun bushe, waya ɗaya da aka ƙulla da leda ta isa ta cinye layi guda. Kafin attajiri ya bari a ja masa waya, ya tambayi mai aikin: wa ya koya maka, ina kuma takardarka?

Haza wassalam.