Gado mai hawa biyu: a fara awo daga silin

Shekaru da dama, duk wanda ya ji an ce gado mai hawa biyu, makarantar kwana ce ke faɗo masa a rai: dogon ɗakin kwanan ɗalibai, gadajen ƙarfe a jere, manya sun kama ƙasa, an kora 'yan aji ɗaya sama. Yanzu gadon ya baro makaranta ya shigo gida. Wanda ya bi ta gaban shagunan masu walda da kafintoci a Kano ko Kaduna ko Zariya zai gan shi a bakin titi, an shafe shi da fenti, yana jiran mai saye.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Binciken lafiyar iyali na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Nijeriya mace kan haifi 'ya'ya 5.3 a matsakaici, amma a Arewa maso Yamma adadin ya kai 6.6. Yara na ƙaruwa, kuɗin haya na hawa, ɗaki kuwa yana nan yadda magini ya bar shi. Ga kuma umarnin addini: hadisin da Abu Dawud ya ruwaito ya ce a raba wa yara makwanci idan sun kai shekara goma. Magidancin da ke da ciki da falo da ɗaki ɗaya na yara, yana kuma son bin wannan umarni, ba shi da wurin faɗaɗawa sai sama.

Lissafin ma yana goyon bayansa. Ɗaki mai ƙafa 12 tsawo da 12 faɗi yana da fili murabba'in ƙafa 144. Gado ɗaya na katifa mai faɗin ƙafa 3, idan aka haɗa da ƙarfen jikinsa, yana cin kusan 21. Yara huɗu a gado huɗu sun cinye 84, abin da ya saura wa hanya da darduma da akwati bai kai rabin ɗakin ba. Gado mai hawa biyu guda biyu kuwa 42 kawai za su ci.

Sai dai a daidai nan ne yawancin masu saye suke tsayawa da lissafi. Suna auna ƙasa, su manta da sama. Alhali gadon da ake hawa da tsani, tsayinsa ne ya kamata a fara dubawa, domin a can haɗarin yake.

A ɗauki ɗaki mai silin ƙafa 9, wato inci 108 daga daɓe. Mai walda ya sa shimfiɗar sama a ƙafa 5, inci 60 ke nan. An ɗora katifa mai kaurin inci 6, an kai 66. Saura inci 42 tsakanin katifa da silin, kuma wannan ya wadatar, domin abin da ake so kada ya gaza ƙafa biyu da rabi zuwa uku, yadda yaro zai tashi zaune ba tare da ya ƙume kansa ba. To amma akwai fanka. Idan ta sauko inci 18 daga silin, fukafukanta suna juyawa a inci 24 kacal sama da katifar. Yaro ɗan shekara goma idan ya zauna, daga mazauninsa zuwa tsakar kansa ya haura inci 24. Ma'ana kansa ya riga ya kai tsayin da fukafukan ke wucewa, tun bai durƙusa ba, tun bai miƙa hannu zai cire riga ba.

Abin da ya rage shi ne tazarar gefe. Fanka mai faɗin inci 56, irin wadda ta cika kasuwa, idan tana tsakiyar ɗaki mai ƙafa 12, bakin fukafukanta na tsayawa ne inci 44 daga bango. Gadon da aka jingina da bango, mai katifa ƙafa 3, yana fitowa kusan inci 39. Tazara inci 5 ke nan. A ɗaki mai faɗin ƙafa 10 kuwa babu tazarar sam, fukafukan na shiga saman gadon da kusan inci 7. Kuma a garin da wuta ke zuwa ba sallama, ba a dogara da cewa ai fankar a kashe take. Yaro na iya hawa gado cikin duhu, a kawo wuta yana zaune. A irin wannan ɗaki zaɓi biyu ne: ko a cire fankar silin a sa ta bango ko ta tsaye, ko a haƙura da gadon.

Zafi ma yana bin tsayi. Iska mai zafi sama take taruwa, kuma a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin rana a Kano da Sakkwato da Maiduguri ke kaiwa digiri 40 ko ya wuce, kwanon rufi kan ci gaba da fitar da zafi har dare ya raba. Wanda ke kwance ƙafa uku ƙasa da silin shi ne ya fi kowa ɗanɗana shi. Saboda haka gadon da shimfiɗarsa ta sama ta tsaya a ƙafa 4 da rabi ya fi dacewa da ɗaki mai gajeren rufi, ko da bai kai dogon kwarjini ba. Shi kuwa mai hawa uku, da wasu ke sha'awa don ya kwashe yara a kusurwa ɗaya, bai da wuri a ɗaki mai silin ƙafa 9. Ko dai na sama ya manne da silin, ko na tsakiya ya kwana kamar an zura shi cikin durowa.

Bayan tsayi, sai katifa. Ƙa'idar a nan mai sauƙi ce: a fara sanin katifar, sannan a ƙera mata gado. Katifun kamfanoni irin su Vitafoam da Mouka suna zuwa da girma sananne. Akwai mai faɗin ƙafa 2 da rabi, wadda ake kira ta ɗalibai, akwai mai 3, da 3 da rabi, da 4, da 4 da rabi, har zuwa 6 da 7. A baki ana cewa tsawonsu ƙafa 6 ne, amma galibi inci 75 ne, wato ƙafa 6 da inci 3. Mai waldar da ya ji an ce “shida da uku”, wato tsawo da faɗi, ya yanke ƙarfe inci 72 cif, ya jawo wa mai gida katifar da za ta riƙa tanƙwarewa a wajen ƙafa. Wanda kuma ya saki hannu ya bar rata mai yawa tsakanin katifa da ƙarfe, ya buɗe ramin da hannu ko ƙafar yaro za ta faɗa.

Mai ƙafa 2 da rabi tana ceton fili, kuma ta ishi yaro ɗan firamare. Amma yaro ba ya tsayawa a firamare. Gadon ƙarfe mai kyau kan yi shekaru goma yana aiki, don haka mai ƙafa 3 ta fi zama jari, muddin faɗin ɗakin da wurin fankar sun ba da dama. Akwai kuma samfurin gadon da ƙasansa ya fi samansa faɗi, ƙafa 4 da rabi a ƙasa, 3 a sama. Yana da amfani a gidan da ƙanana biyu za su kwana tare a ƙasa, babbansu a sama, ko inda baƙuwa ke yawan sauka. Sai dai yana cinye rabin filin da aka ce ana son ceta, kuma ranar da ƙananan suka kai goma, maganar raba makwanci za ta dawo sabuwa.

Kaurin katifa ya fi faɗinta muhimmanci a hawa na sama, kuma a nan ne sha'awa ke karo da hankali. Mutane na son katifa mai tudu, inci 8 ko 10, don a ganinsu ita ce ta masu hali. Amma kowane inci da katifa ta ƙara, makarin gefen gado ne ya rage. Dokar da hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta Amurka ta fara aiki da ita a shekarar 2000 ta ce dole makari ya ɗara saman katifa da aƙalla inci 5, kuma ya kasance a gefe biyu, har da gefen bango. Ƙa'idar Turai ta ma fi tsauri, santimita 16 take nema. Idan mai walda ya yi makari mai inci 10 aka ɗora katifa mai inci 8, abin da zai tare yaro mai juyi cikin barci inci 2 ne kawai. Katifa mai inci 4 zuwa 6 ita ce ta sama. Mai tudun a bar wa na ƙasa.

Dokar ta Amurka ta kuma taƙaita faɗin duk wata kafa da ke jikin makari, kada ta kai inci 3 da rabi, kusan faɗin tafin hannun babban mutum. Dalili shi ne jikin ƙaramin yaro kan zame ta kafar da kansa ba zai iya bi ba, sai ya rataye ta wuya. Irin waɗannan mace-mace ne suka sa Birtaniya ta kafa tata dokar tun 1987. Wani bincike da aka buga a mujallar likitocin yara ta Pediatrics a 2008 ya gano cewa daga 1990 zuwa 2005, yara da matasa kusan 36,000 ne ake kaiwa asibiti duk shekara a Amurka saboda raunin da ya shafi irin wannan gado, mafi yawa ta hanyar faɗowa. Shi ya sa ake liƙa gargaɗi a jikin gadon cewa yaron da bai kai shekara 6 ba kada ya kwana a sama. A gidajen da daɓensu siminti ne ko tayil, ba kafet mai laushi ba, gargaɗin ya fi nauyi.

Wani zai ce waɗannan dokokin Turawa ne, su da abinsu. Gaskiya ne gadon da aka ƙera a bakin titi ba ya zuwa da takardar gwaji, kuma babu jami'in da zai biyo shi gida da ma'auni. Amma wannan ne ma ya sa aikin ya koma kan mai saye. Kan yaro a Katsina bai fi na yaro a Landan ƙanƙanta ba. Kuma sana'ar ƙera gadon ƙarfe ba baƙuwa ba ce a Arewa. Kamfanin da ya zama Mouka a Kano ya fara, a 1959, da ƙera gadajen ƙarfe da kayan ɗaki, kuma zamanin da gado mai rumfa ke cikin kayan kowace amarya bai yi nisa ba. Hannun da ya iya wancan zai iya wannan, idan an faɗa masa abin da ake so. Matsalar ita ce cinikin kan ƙare a kan farashi da kalar fenti. Mai gida ya ce, “Malam, na yara nake so, mai ƙarfi,” mai walda ya amsa, “Alhaji, kada ka damu, ko ƙato ne zai ɗauka,” shi ke nan an gama magana, ba wanda ya fito da tef ɗin awo.

Akwai awo biyu da su kuma takardun ƙasashen waje ba su damu da su ba, amma a nan dole ne. Na farko gidan sauro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Nijeriya suke. Gadon da ba a tanadar masa wurin ɗaura gidan sauro ba, rabin aiki aka yi. Na ƙasa yana da sauƙi, a jikin shimfiɗar sama ake ɗaure shi. Na sama ne ke buƙatar a tsawaita ginshiƙai huɗun da kamar ƙafa biyu da rabi, a haɗa su da siririn ƙarfe ta sama yadda ba za a bar tsini a tsaye ba, kuma wannan tsayin ma sai an sa shi cikin lissafin silin da fanka.

Na biyu ƙofa. Ƙofar ɗaki kan kasance ƙafa 2 da rabi zuwa 3. Gadon da aka yi wa walda gaba ɗaya, mai faɗin inci 39, ba zai shige ta ba, balle a juya da shi a kwanar matattakalar bene. Ga ɗan haya, wanda ba ya rasa ƙaura, gadon da ake haɗawa da noti shi ne mafita, musamman irin wanda ake iya raba shi ya zama gado biyu idan an samu ɗaki ya ƙaru. Kwancewar tana kuma taimakawa ranar da kuɗin cizo ya samu mafaka a gaɓoɓin gadon, abin da ya fi yawa a na katako. Sharaɗin kawai shi ne a riƙa bin notin ana ƙara ɗaure su lokaci zuwa lokaci, domin hawa da sauka da tsalle-tsallen yara na sassauta su.

Kada kuma a manta da na ƙasa. A nan uwa za ta zauna ta duba yaro mai zazzaɓi, a nan ake zaman bitar karatu da dare. Idan tazarar da ke tsakanin katifar ƙasa da shimfiɗar sama ba ta kai kusan ƙafa 3 ba, babba ba zai iya zama a miƙe ba.

Duk wannan bai wuce aikin mintuna kaɗan da tef ɗin awo da takarda ba. Kafin a je wurin mai walda ko kafinta, a rubuta tsayin silin, da tsayin fukafukan fanka daga ƙasa da nisansu daga bango, da faɗin ƙofa, da tsawon katifa da faɗinta da kaurinta, da shekarun yaron da zai kwana a sama. A miƙa masa takardar kafin a fara maganar kuɗi, a kuma sake auna makarin da kafofinsa a shagon, da katifar a kai, kafin a biya cikon.