Kafin kuɗin albasa su ƙare a kayan sauti: sifika mai ƙwarya ɗaya ta ishi ɗaki

Da zarar an fara cire albasa a Aliero, manyan motoci suka shiga lodi zuwa Kudu, kasuwar Jega ce ke fara shaida cewa kuɗi sun shigo hannun jama'a. Wani babur zai saya, wani kwanon rufi, wani kuma kayan ɗakin 'yarsa yake haɗawa. A 'yan shekarun nan kayan sauti sun shiga jerin kayan ɗaki, har ya zama kamar ɗakin amarya bai cika ba sai an jera akwatunan sifika biyar ko shida a gefen talabijin, suna walƙiya da fitilu ja da shuɗi. Yadda ake zaɓen su kuwa kowa ya sani: a duba wadda ta fi girma, wadda lambar jikin kwalinta ta fi yawa, sannan mai shago ya ƙure ƙara har teburinsa ya ɗauki rawa, a yi ciniki.

Ra'ayinmu shi ne, mafi yawan gidaje a Jega da Aliero da Maiyama asara suke yi a wannan ciniki. Akwatuna biyu, kowane da sifika guda ɗaya mai inganci wadda ke fitar da dukkan sauti ita kaɗai, sun fi dacewa da ɗakunanmu da wutarmu da abin da muke saurare.

A cikin kowace akwatin sifika akwai zagayayyen abin nan mai kama da ƙwarya, wanda mayen ƙarfe da naɗin waya ke sa shi karkarwa ya tura iska. Bari mu kira shi ƙwarya. Injiniyoyi biyu na kamfanin General Electric a Amurka, Chester Rice da Edward Kellogg, su suka fito da wannan tsari a 1925, kuma har yau shi ake bi. Kunnen matashi mai lafiya yana jin karkarwa daga kusan sau 20 zuwa sau 20,000 a daƙiƙa. Da wuya ƙwarya ɗaya ta ɗauki wannan faɗi duka, shi ya sa kamfanoni suke raba aikin: babba ta ɗauki sauti mai kauri, ƙarama ta ɗauki siririn, sai a sa 'yar na'ura a tsakani tana rarraba musu.

A wurin rabon nan matsala take. A yawancin akwatuna masu ƙwarya biyu, ana yanka sautin ne a wajen karkarwa 2,000 zuwa 3,000, kuma nan ne kunnen mutum ya fi kaifi, nan ne kuma baƙaƙen magana suke bambanta da juna. Idan kamfani ya kashe kuɗi ya yi aikin da kyau, ba za ka ji ɗinkin ba. Idan kuwa kayan araha ne, sau da yawa abin da ke rabon bai wuce ɗan ƙaramin kafasito guda ba, sai muryar mutum ɗaya ta riƙa fitowa daga wuri biyu ba tare da sun daidaita ba. Akwai ma akwatunan da ƙaramar ƙwaryar da ke samansu ado ce kawai, ba a haɗa mata waya ba. Kara kunnenka a kanta ka ji.

To mu me muke saurare a gida? Karatun Alƙur'ani, tafsirin azumi, wa'azi, labaran safe da na yamma a rediyo, sharhin ƙwallo, finafinan Hausa masu yawan zance. Ko a waƙa, tsofaffin mawaƙan wannan yanki irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Sani Aliyu Ɗandawo, murya ce da amshi a gaba, kiɗa na biye. Tushen muryar namiji yana tsakanin karkarwa 85 zuwa 180, ta mace ta ɗara haka. Ƙwarya ɗaya mai faɗin inci 4 zuwa 6, a akwatin da aka auna mata, tana ɗaukar wannan duka ba tare da an tsinka muryar a tsakiya ba. Mai sauraren ƙira'a da ke son ya bambance sad da sin, ko dattijon da kunnensa ya fara nauyi yana bin labarai, wannan tsabtar yake nema. Dukan ƙirjin da babbar akwati ke yi rufe masa kalmomi yake yi.

Kada a ɗauka dabarar talaka ce. A Ingila kamfanin Lowther ya shafe shekaru da dama yana ƙera irin wannan sifika ga masu kuɗin da suka damu da sauti, a Japan akwai Fostex, a Jamus Visaton na yin wasu. A manyan ɗakunan ɗaukar waƙa na Amurka an daɗe ana ajiye wata 'yar ƙaramar akwati mai ƙwarya ɗaya, Auratone, domin a gwada ko murya ta zauna daidai, kuma da ita aka yi aiki lokacin haɗa kundin Thriller na Michael Jackson da ya fito a 1982. Mu ma ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Rediyon da iyayenmu ke ratayawa a kafaɗa zuwa gona ƙwarya ɗaya gare shi, kuma ba a taɓa jin wanda ya ce bai gane abin da mai labarai ke faɗa ba.

Sai maganar lambobi, inda aka fi cutar mai saye. Za ka ga kwali an rubuta wat 3,000 ko 5,000, da haruffa PMPO a gefe. Wannan awo ba shi da wata ƙa'ida da aka yarda da ita, kowane kamfani abin da ya ga dama yake rubutawa. Lambar da ke da ma'ana ita ce wadda aka rubuta RMS a gefenta, wato ƙarfin da na'urar za ta iya bayarwa a ɗore. Gwajin ma ba wuya: juya bayan na'urar ka karanta wutar da take ci. Abin da ke jan wat 40 daga soket ba zai ba ka wat 3,000 ba, kamar yadda buhu ɗaya ba ya zama buhu saba'in don an sauya masa rubutu. Tun 1974 hukumar kasuwanci ta Amurka ta tilasta wa masu sayar da amfilifaya su bayyana ƙarfin da ke ɗorewa. A nan muna da hukumar SON mai kula da ingancin kaya, muna da FCCPC da dokar 2018 da ta hana yaudarar mai saye, amma kwalayen na nan jere a shaguna. Ya kamata hukumomin biyu su waiwayi wannan fanni, su kuma 'yan kasuwa su daina tallata lambar da su kansu sun san ƙarya ce.

Gaskiyar magana, ɗaki mai ƙafa 12 ta kowane gefe ba ya buƙatar wat ɗari. Akwai wata lamba da ake rubutawa a bayan sifika mai kyau, wadda ke nuna ƙarar da take bayarwa da wat ɗaya tak a nisan mita ɗaya. Idan ta ce desibel 90, to wat ɗaya ɗin nan ya zarce hirar mutane, wadda ke wajen desibel 60, nesa ba kusa ba. Duk ƙarin desibel 3 kuma sai an ninka wutar. Ma'ana, sifika mai 90 tana yin aikin mai 87 da rabin wuta. Ga mutanen da ke ƙarƙashin Kaduna Electric, waɗanda suka san yadda wuta ke zuwa da tafiya, da yawansu kuma sun koma ga faranti ɗaya na sola da batir guda, wannan lissafi ne na yau da kullum. Ƙananan amfilifaya na zamani da ake kira Class D suna aiki kai tsaye da batir mai bolt 12, ba sai an bi ta inbata ba, kuma ba sa zafi sosai. Fanka da fitila da cajin waya ba za su rasa rabonsu ba.

Akwai kuma kunne, wanda ba a sayar da shi a kasuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan ɗaya na cikin haɗarin rasa ji saboda sauraren ƙara fiye da kima, ta kuma ba da shawarar kada babba ya wuce desibel 80 na tsawon awa 40 a mako. A gidan da ake zaune ɗaki na jingine da ɗaki, sauti mai kauri shi ke ratsa bango ya hana jariri da marar lafiya barci. Ƙorafi da yawa tsakanin maƙwabta daga nan yake tasowa.

Ba za mu ɓoye gazawarta ba. Ƙwarya ɗaya ƙarama ba ta iya dukan ƙasa mai zurfi. Wanda waƙoƙin situdiyo na zamani ne abincinsa, irin na Hamisu Breaker ko Ali Jita ko mawaƙan Legas, zai ji kamar an rage gishiri, sai dai ya ƙara akwati ɗaya ta bes a gefe. Idan ƙwaryar ta kai inci 8, siririn sautinta gaba kawai yake tafiya kamar hasken tocila, wanda ke zaune a gefe ba ya samu. Ba ta taron biki ba ce, ba ta gidan kallon ƙwallo ba ce, idan aka matsa mata za ta ƙone. Kuma akwati mai ƙwarya biyu da aka yi da gaske ta fi mai ƙwarya ɗaya ta banza. Abin da muke cewa shi ne, a kuɗin da yawancinmu ke iya fitarwa, gara su tafi a ƙwarya biyu masu kyau, ɗaya dama ɗaya hagu, da a watsa su kan guda goma marasa amfani da fitilu.

Wanda zai saya ya tafi da memorinsa, da muryar da ya sani sarai, ta malaminsa ko mawaƙin da ya girma yana ji. Ya ce wa mai shago ya rage ƙara zuwa yadda za a saurara a gida da dare, domin kowace sifika tana burgewa idan an ƙure ta. Ya taɓa gefen ƙwaryar: na soso yana ruɓewa da zafin bazara da ƙurar hunturu, na roba ko ƙyalle ya fi jurewa. Ya tabbata lambar om ta sifikar, 4 ko 8, ta yi daidai da abin da amfilifayar ke ɗauka. A gida kuma a ɗora su daidai tsayin kunnen mai zaune, a haɗa jar waya da ja, baƙa da baƙa a duka biyun, don idan aka juya ɗaya sautin zai rame.

Su Lowther da Fostex, da canjin dala na yanzu, sun fi ƙarfin yawancin aljihu. Amma ƙwarya mai kyau tana cikin tsofaffin rediyo masu kaset da ke jibge a shagunan masu gyara, tana cikin sifikokin ƙofar mota, da irin waɗanda ake maƙalawa a silin na masallaci. Abin da ya rage shi ne akwati, kuma rabin ingancin sauti a nan yake: katako mai kauri wanda ba ya rawa, girman da aka lissafa, ba wata kafa da iska ke zurarewa, da ɗan auduga a ciki. Kafintocin Jega da Maiyama da ke ƙera gadaje da kabet na amare ba za su gaza wannan ba idan aka ba su awo. Awon kuwa aikin ɗalibin injiniyan lantarki ne, ga kuma jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero tun 2006. Ɗalibin da ke neman aikin kammala karatu zai iya auna ƙwaryoyi uku ko huɗu da aka fi samu a kasuwar Jega, ya fitar da girman akwatin kowacce a takarda ɗaya da Hausa, ya miƙa wa kafintoci da masu gyaran rediyo kafin albasar baɗi ta nuna.